Farin Da Na Gani Kafin A Gyara Hoton

Tun yaron yana wata huɗu nake ɗauke da abin a raina. Idan na kwantar da shi a tabarma na gifta ta damansa, sai ya juyo ya bi ni da kallo. Idan ta hagunsa na gifta, har in kai bakin ƙofa bai san na wuce ba, sai fa in ya ji ƙarar takalmina. Na gwada da ludayi, na gwada da jan ɗankwali, kullum idan babu kowa a tsakar gida. Wata rana da la'asar, hasken rana ya karkato ta ƙofar ɗaki, na hango wani fari-fari can cikin baƙin idonsa na hagu, kamar ɗigon nono. Kafin in matsa ya motsa kai, abin ya ɓace. Na kwana uku ina ce wa kaina idona ne.

Shi ne ɗana na fari. A ƙauyenmu, nan arewacin Kano, ɗan fari ba na uwarsa ba ne a gaban mutane. Ba ki kiran sunansa, ba ki yi masa wasa a gaban manya, ba ki nuna kin damu da shi. Uwar mijina, wadda nake kira Inna, ita ce mai yaro. Ita ke yi masa wanka, ita ke sa masa kwalli, ni nono kawai ne nawa. Ko kuka yake sai na jira an ce, "Ke, karɓe shi mana," sannan in karɓa ina kau da kai. Ba mugunta ba ce. Haka na tashi na gani a gidanmu, har yau innarmu ba ta taɓa faɗin sunan yayata ba. Wadda aka kama tana yawan duba ɗan farinta kuwa, ta zama abin hira a bakin rijiya. Ga kuma wani tsoron a kai: faɗin aibi a jikin jariri kamar kiran aibin ne.

Na ɗan gwada ta gefe. Wata safiya Inna tana sa masa kwalli na ce, "Inna, kamar kwallin nan yana damun idon yaron nan."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Angon nawa? Idonsa ya fi naki ƙyalli. Je ki duba tukunyarki."

Maigidana kuma yana noman rani a Watari, tumatir da albasa, sai ranar Juma'a muke ganinsa. Na taɓa ce masa ya duba. Ya ɗaga yaron a tsakiyar rana, ya juya shi nan, ya juya shi can, bai ga komai ba. Ya yi dariya ya ce, "Ke dai da tsoro. Ran nan shaƙuwa ce ta hana ki cin tuwo." Gaskiya ya faɗa. An san ni da haka, komai ƙanƙantarsa sai gabana ya faɗi. Shi ya sa maganata ba ta da nauyi, ni ma ban gama yarda da ita ba.

Da ƙaramar Sallah yaron ya cika wata goma. Washegarin Idi wani mai hoto daga Ɗanbatta ya shigo garin a kan babur, da jaka a bayansa da labule a naɗe. Dattijo ne mai furfura a gemu, mai son hira. Inna ta sa aka kira shi, ya rataya labulensa a zaurenmu, mai zanen gidan bene da furanni. Mu mata muka tsaya daga ƙofar ciki.

"Hajiya, wanne za a yi?" in ji shi. "Akwai hoto haka nan, akwai mai gyara. Mai gyara ya ɗan fi tsada."

"Ban je ba tukuna, ka daina ba ni Hajiya a banza," in ji Inna. "Mai gyaran zai dawo min da haƙorana?"

"Haƙori kam sai kin je ɗin, su sa miki na zinare. Amma sauran duk ina iyawa."

Matan gida suka kwashe da dariya. Da ya ga ya samu masu saurare, sai ya kwance gilashin gaban kyamarar, wannan mai kama da gwangwanin madara, ya juyo mana da bayansa. Akwai wasu ɗigo-ɗigon ƙarfe a jere, ƙanana kamar ƙwayar gero. Ya ce sai da ya sayar da rago ya ƙara a kai kafin ya saye shi, alhali ga mai araha wanda ba shi da su. Wai kowane gilashi da halinsa: wani yana duhunta gefen hoto, wani yana lanƙwasa bango ya koma kamar cikin randa. Waɗannan ɗigon su ke faɗa wa kyamara wane gilashi aka ɗaura mata, ita kuma da ta sani sai ta gyara aibinsa da kanta.

"Wato shi da kansa yake kai ƙarar kansa," in ji Inna. "Da mutane haka suke da alƙalai sun huta."

Maganar halin gilashin nan na gane ta sarai, domin a hoton bikina gwaggona ce a can gefe, ta fito da faɗi kamar tulu, fuskarta rabi a duhu. Har yau in an ɗauko hoton sai ta ce a ɓoye.

Inna ta zauna a kujera da sabuwar atamfarta, aka ɗora mata yaron da 'yar hularsa. Ni ba na cikin hoton, ba a ma yi tunanin haka ba. Na zagayo na tsaya bayan mai hoton ina riƙe da zanen goyo. Zauren da duhu, don haka ya kunna fitilar kyamara. Ta yi walƙiya sau biyu, yaron ya zabura, Inna tana cewa, "Haba ango, a gaban mutane za ka ba ni kunya?"

Mai hoton ya duba ɗan gilashin da ke bayan kyamara, inda hoto ke fitowa nan take, ya matso da fuskar yaron ta cika wurin. Ina tsaye daidai kafaɗarsa. Idon dama ya fito ja. Na hagu ya fito fari fat, kamar an liƙa wuri, irin na kuɗin da, a tsakiyar baƙin.

Mai hoton ya miƙa wa Inna kyamarar ta gani, ta riƙe nesa da fuskarta tana ƙanƙance ido, ita atamfarta take dubawa. Ya ce, "Kada ku damu da idon, aikin fitila ne. Kwamfuta za ta gyara." Inna ta kwance bakin zaninta ta biya na mai gyara, daga kuɗin ƙuli-ƙulinta. Ban ce komai ba. Zauren cike yake da mutane, har da ƙanin mahaifin maigidana.

Bayan mako guda aka kawo hoton. Ban taɓa ganin mai kyansa ba. Gefe da gefe haske ɗaya, ƙofar zaure da ta shiga ciki a miƙe take sak. Inna ta ragu da shekara goma, ta yi haske, tana ta cewa a nemo mata miji. Yaron kuwa idanunsa biyu baƙi ƙirin, kowanne da ɗan ƙyalli kamar tauraro. Aka rataye shi a ɗakin Inna sama da jeren kwanuka.

Abin da nake jin nauyin faɗa shi ne na yi murna. Kwana biyu zuciyata ta kwanta. Idan na shiga shara sai in tsaya gaban hoton, tsintsiya a hannu, in kalle shi yadda ba ni da ikon kallon mai shi. Na ce a raina, na'urar da ta san halin gilashi har ta miƙe bango, ai ta fi ni sanin ido. Ni wace ce, da ko firamare ban gama ba?

Rana ta uku yana rarrafe ya buga goshinsa da turmi, ta hagu, turmin da ke gabansa ƙiri-ƙiri. Duk yara suna buga kai, na sani. Amma ina shafa masa wurin tambaya ta zo min, ta ƙi tafiya. Fitila ɗaya ce ta haska shi, lokaci ɗaya. In aikin fitila ne, me ya sa ido ɗaya ya yi ja, ɗaya ya yi fari?

Akwai allurar riga-kafi da muka makara ba a yi masa ba. Ranar kasuwar Ɗanbatta muka shiga mota ni da Inna, ita ke riƙe da shi. A wurin allura mata sun cika, layi har waje, ana yi ana sallama. Sau biyu na buɗe baki zan faɗa wa mai allurar maganar idon, na fasa. Da muka fito na ce, "Inna, da mun biya ta shagon mai hoton nan, a wanke wani in aika wa innarmu."

"Kin yi tunani," in ji ta. "Ta ga yadda nake kiwon mijina."

Shagon ɗan tsukuku ne, tsakanin tela da mai cajin waya. Hotunan amare da na 'yan makaranta sun rufe bango. Ya gane mu tun daga nesa.

"A'a, amarya da ango! An zo ƙarin gyara ne? Na faɗa miki haƙori ba na iyawa."

Suka gaisa, suka taɓa wasa. Inna ta faɗi abin da ya kawo mu. Ya buɗe kwamfuta ya shiga nema, yana cewa mun yi sa'a, sai wata ya cika yake share na Sallah don ya samu wuri. Hoton ya fito, mai kyan nan. Ya kai hannu zai aika a wanke.

Na ji muryata ta fita, ƙasa-ƙasa. "Malam, na farkon yana nan?"

"Wane na farko?"

"Wanda ba a gyara ba."

Ya juyo ya dube ni, Inna ma ta dube ni. Ya ce, "Yana nan mana. Amma me za ki yi da shi? An biya kuɗin gyara, ki kai wa mahaifiyarki mara gyara? Ta ce ban iya aiki ba."

"Gani kawai nake so."

Ya danna wani abu. Fuskar Inna ta koma tata, da tamoji da komai. "Kai, mayar da ni!" in ji ta. Bai mayar ba, don na riga na matso na sa yatsa a jikin gilashin kwamfutar, daidai fuskar yaron. Ya ƙara girmanta. Ja a dama, fari a hagu.

"Fitila ce," in ji shi, amma ba da ƙarfin ran nan ba.

Ban san inda na samo abin da na faɗa ba. Ban kalli Inna ba, ƙasa nake kallo. Na ce, "Ba fitila ba ce. Na gan shi da rana, babu fitila. Ba ya gani da wannan idon. In na wuce ta nan ba ya bi na. Na gwada da ludayi, na gwada da ɗankwali. Ɗana ba ya gani da idon hagu."

Ɗana. A gaban uwar mijina, a gaban namiji baƙo, a tsakiyar kasuwa. Na ji kamar zanina ne ya kwance. Keken tela yana ta ƙara ta bayan bango.

Mai hoton ne ya fara motsi. Ya shiga buɗe wasu hotunan yara na Sallah, waɗanda ba a gyara ba, ɗaya bayan ɗaya. Inda fitila ta kama ido, duka biyun ja ne. Ya buɗe kusan goma, ya dawo kan namu, ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa. Ya ce gyara iri biyu ne, shi ne ya haɗa su a kuɗi ɗaya. Na gilashi, mai miƙe bango da haska gefe, wannan bai taɓa idon ba. Ɗayan na kwamfuta ne, shi ke neman fuska ya goge tabo, ya nemi ido ya cika shi da baƙi. Hoto ɗari yake zuba mata lokaci guda ta yi da kanta, shi yana can yana shan shayi.

"Ba ta san fari da ja ba," ya ce. "An ce mata ido baƙi ne, shi ke nan. Ni ne ya kamata in duba. Na gani ma, na ce fitila."

Inna ta juyo da yaron ta fuskance shi. Ta rufe masa idon hagu da tafin hannu, ya yi dariya yana kama yatsunta. Ta sauya ta rufe na dama. Nan take ya fasa ihu, yana ture hannun, yana jujjuya kai kamar wanda aka jefa ɗaki mai duhu. Ta sauke hannunta a hankali.

"Tun yaushe?" Ni take tambaya.

"Tun yana wata huɗu."

"Wata shida kenan da ɗoriya." Ta dube ni. "Ran da kika ce kwalli."

"Eh, Inna."

Mai hoton ya wanke mana na farkon, ya sa a ambulan. Inna ta kai hannu bakin zani, ya ce wallahi ba zai karɓa ba. Ya ce mu nufi asibitin ido a birni, kada mu tsaya wurin mai magani, kada mu ɗiga komai.

A mota muna komawa, an matse mu a baya da buhunan gero, yaron yana hannun Inna har muka wuce rabin hanya. Ina jiran faɗa, na ma shirya kuka. Sai kawai ta ɗago yaron ta ɗora min a cinya, ga mutane cike da mota. Ta ce, "Riƙe ɗanki. Kalle shi da kyau, in ga mai cewa wani abu." Can kuma ta ƙara, tana kallon gonaki ta taga, "Ni ma haka aka koya min. Ban san zan koya wa wata ta yi shiru da irin wannan ba."

Ita ta aika aka kira maigidana daga Watari, ba ta jira Juma'a ba. Bai yi dariya ba wannan karon. Kwana biyu bayan nan muna Kano. Likitar mace ce. Ta duba hoton, ta ajiye, ta rage hasken ɗakin ta haska idon da 'yar fitilarta. Ta ce yanar ido ce, irin wadda ke rufe idon tsofaffi, amma shi da ita aka haife shi. Ta ce mu gode Allah, don akwai cutar da ta fi wannan muni da ke nuna irin farin nan. Ta tambayi wanda ya fara lura. Inna ta nuna ni da haɓa ta ce, "Uwarsa."

Na tambaye ta, da mun zo tun yana wata huɗu fa? Ba ta ɓoye min ba. Ta ce idon jariri koyon gani yake yi, in ya daɗe a rufe sai ya yi lalaci, ko an buɗe ba ya kamo ɗan'uwansa. Da wuri ya fi. Amma yanzu ma ya fi baɗi.

An yi masa aiki. Aka ba shi tabarau mai igiya ta bayan kai, aka ce kullum a rufe lafiyayyen idon na wasu awoyi da auduga da filasta, don malalacin idon ya yi aiki. Wannan ya fi aikin asibitin wuya. Yana kuka, yana fizgewa, ni ina kuka. Inna ce ke danne shi a cinya tana yi masa waƙar ango mai ido ɗaya da ya zo neman aure ba sadaki. Yanzu shekararsa huɗu. Da idon hagu yana bambanta akuya da tunkiya daga bakin zaure, yana gane mai shigowa. Baƙaƙen da ke kan allo kuwa sai da na dama. Likita ta ce mu ci gaba da rufewa, muna ci gaba. Wani lokaci in na ga ya karkata kai yana neman abu, sai watannin nan shida su dawo min, in rasa inda zan ajiye su. Har yanzu ba na faɗin sunansa, bakina bai saba ba. Amma ina kallonsa a gaban kowa.

Ban riƙe mai hoton a zuciya ba. Abin da mutane ke so ya sayar, mu ma mun so, mun biya da murna. Da na haifi ƙanwar yaron, wurinsa muka koma. Ya tambaye ni, yana ɗan murmushi, wanne za a yi. Na ce na bango da gefe a yi, na ga amfaninsa, kuɗinsa bai tafi a banza ba. Na fuska kuma, in Inna tana so a yi mata nata. Ta yara a bar ta yadda take. Ya matso da idanun jaririyar suka cika gilashin, ya miƙo min kyamarar a hannuna tun ban roƙa ba. Na daɗe ina dubawa. Duka biyun ja.

Yanzu ma abin ya wuce shagon mai hoto. Wayar da ke hannun ƙannenmu tana gyara fuska tun kafin mutum ya gani, ba ta tambaya, ba ta karɓar ko sisi.

Don Allah, mai karanta wannan, idan za a ɗauki hoton ƙaramin yaro da fitila, ka ce a nuna maka shi kafin a gyara, ka dubi tsakiyar idanun duka biyu. In ka ga fari a ɗaya, kai shi asibitin ido a makon nan. In kuma a gidanku akwai yarinya mai goyon fari, a samu wata babba ta ja ta gefe inda babu kowa, ta tambaye ta abin da ta gani a jikin ɗanta, ta kuma tsaya ta ji amsar.